Kebul Mai Shuɗin Kai

"Ba wannan ba," in ji Auta, ta mayar wa mai shagon kebul ɗin da ya miƙo mata. "Namu bakinsa ya fi wannan faɗi."

Mutumin ya dube ta ta saman tabarau. Kebul-kebul ne rataye ko'ina a shagon, baƙaƙe da farare, sai mutum ya sunkuya kafin ya isa gaban kanta.

"'Yar'uwa, ni fa ban ga monitar nan ba. Shekarunta nawa?"

"Tun ina firamare Baba yake buga wa mutane takardu da ita."

"Ashe dattijuwa ce. Sai mu bi ta da ladabi."

Auta ta yi dariya, duk da hankalinta ba a kwance yake ba. Gobe da safe za a yi wa Baba aikin ido, shi kuwa ya kafe ba zai hau gadon likita ba sai ya ga fuskar jikansa. An yi wa Yaya, babban wanta, haihuwa a can ƙasar wajen da yake aiki. Duk hoton da aka nuna wa Baba a waya, sai ya kai ta har bakin hancinsa, ya ce shi zani kawai yake gani. An gwada laftof ɗin Auta, ya ce yanzu zanin ya ɗan girma. Shi ne ya tuna da tsohuwar monitarsa mai ƙaton allo, aka sauko da ita daga saman durowa aka goge ƙura. Ta kawo wuta lafiya lau, kebul ɗin da zai haɗa ta da laftof ne babu wanda ya san inda ya shiga.

Can ta tuna ta ɗauki hoton bayan monitar. Ta buɗe waya ta nuna masa wani shuɗin baki mai ƙananan ramuka jere uku, da wurin ɗaure noti hagu da dama.

"Da kin nuna min tun ɗazu! VGA ke nan." Ya zaro kebul mai shuɗin kai. "Kawo laftof ɗin."

Ya duba gefenta, ya girgiza kai. "Ita wannan 'yar zamani ce, HDMI kawai ta sani. Ba sa jin yaren juna, sai an sa musu tafinta." Ya ajiye adafta biyu a kan kanta, kamar tagwaye. "Wannan daga sabuwa yake kai hoto zuwa tsohuwa, wannan kuma akasin haka. Kika ɗauki na biyun, har gobe baƙin allo za ki kalla. Sannan kebul ɗin nan bebe ne, hoto kawai yake ɗauka. Murya ki bar ta ta fito ta laftof."

Bai bar ta ta tafi ba sai da ya gwada mata a wata monita tasa mai tsagaggen gefe.

A gida ta tarar Baba ya sha wanka, ya sa rigarsa ta fita, ɗakin duk ƙamshi.

"Turaren ma har can zai kai?" in ji Mama.

"Ke dai ki bar ni. Baƙo zan gani."

Auta ta jona komai, ta kira Yaya kiran bidiyo. Muryarsa ta fito, allon kuwa baƙi ƙirin. Ta zagaya baya, ta tura shuɗin kan sosai, ta murɗa notinan biyu har suka ƙi juyawa. Allon ya ƙifta, sai ga Yaya.

Baba ya matso da kujera, ya ƙura ido. Fara'arsa ta ragu.

"Kai, me ya same ka? Ka rame haka kamar sanda!"

"Ni, Baba? Jiya aka ƙara wa bel ɗina huda saboda tumbi."

Yaya ya ɗago jaririn. Kansa dogo, kumatu a shafe.

"Innalillahi! Yaron ma ba ku ba shi abinci?"

Mama ta leƙa laftof, ta leƙa monita, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. "Malam, tsohuwarka ce ta matse su. Ga su nan ɓul-ɓul a wannan."

Auta ta shiga saitin allo tana gwada girman hoto ɗaya bayan ɗaya. A wani gwajin sai baƙin layi ya fito sama da ƙasa, kumatun jaririn suka cika, tumbin Yaya ya dawo mazauninsa.

"Auta, ni ki mayar da ni yadda nake ɗazu mana," in ji Yaya.

Baba bai yi dariya ba. Yana kallo kawai, bakinsa a ɗan buɗe. Jaririn ya yi hamma, ya ware ido ɗaya, ya yamutsa goshi.

"Na gan shi," in ji Baba a hankali. "Goshin nan namu ne. Auta, ki gaya wa likita gobe ina nan tafe."

Ya miƙa hannu ya ɗora tafinsa a kan allon, daidai kumatun yaron. Tsohuwar monitar ta jima a kunne, gilashin ya ɗauki zafi.

"Kun ji," ya ce, bai janye hannun ba. "Har da ɗuminsa."