Durgun Baba Kafinta

"Kar ki taka gurbin! Bi ta can, ta bayan randa."

Abin da Baba Kafinta ya fara ce mini ke nan, yana kwance a ƙasa a bakin akurki, kwanon dusa ya kife a gefensa, ƙafa ɗaya ta ƙi motsi. Ni da na tsallako katanga a guje, zani a hannu, ina salati, ko kallon tausayi ban samu ba. Kazar da ke kwanci a cikin tsohon kwando ita ce damuwarsa. Ta kumbura gashi tana hararata, shi ma yana hararata.

"Baba, kai fa ka faɗi."

"Na sani, ai ina wurin. Ɗaga ni a hankali, kar ki firgita ta."

Ni tela ce, gajeriyar katanga ce ta raba gidana da nasa. Rabin zaman maƙwabtakarmu faɗa ne a kan kaji. Su tsallako, su tone mini tsakar gida, su yi kashi a kan yadin mutane da na shanya. In na tashi da masifa sai ya miƙo mini ƙwai ta saman katanga, ni kuma ban iya zagin mutum da ƙwansa a hannuna ba.

Kajinsa durgu ne, masu gajerun ƙafafu, ƙirjinsu na kusan sharar ƙasa. Marigayiya matarsa ce ta shigo gidan da su tun ƙuruciya, ta mutu ta bar masa, shi kuma ya riƙe su kamar amana. Bai taɓa saya musu abincin buhu ba. Dusa, tsakin hatsi, ganyen da masu kayan miya suka zubar, da garar da yake tara musu a cikin tukunyar da ya cusa wa ciyawa ya kife a inuwa. Ya zuba musu toka a wani rami su yi birgima saboda ƙuma. Yana cewa babu uwa a kaji irin durgu, in ta hau ƙwai ko gobara ba ta tashe ta.

Sai cuta ta bi layinmu gida-gida ta share kaji. A gidansa ta bar kaza ɗaya da tsohon zakara. Ya sayo wasu dogayen kaji mata a kasuwa don kar gidan ya yi shiru, amma bai taɓa ɗaukarsu 'yan gida ba, baƙi yake kiransu. Zakaran ya daure har kazar ta gama saka ƙwai, sannan shi ma ya bi sauran. Ƙwan da ke cikin kwandon nan su ne ƙarshen durgu a gidan, in ba su ƙyanƙyashe ba magana ta ƙare.

Bayan faɗuwar nan tasa, a asibiti aka ce ɓarin jikinsa ne ya shanye, zuciyar ma ta gaji. Suka sallamo shi da ledar magani. Ya sa aka ja gadonsa jikin tagar da ke kallon akurki, daga nan yake mulkinsa, ni ce bafadiya.

"'Yar nan, ruwan ya yi nisa da ita. Matso da shi. A'a, ba can ba, so kike ya zube a kan ƙwan?"

"Baba, ina da ɗinkin mutane."

"Mutane sa jira. Ita ba ta san jira ba."

Kaza mai kwanci sau ɗaya take sauka a yini. Da hantsi za ta fito a kumbure tana ƙorafi, ta tsattsagi hatsi, ta sha ruwa, ta yi birgima, ta koma kafin ƙwan su huce. Wannan ƙorafin nata yake jira kullum. In ya ji sai ya lumshe ido ya yarda a ba shi magani.

'Ya'yansa biyu suka zo. Babbar, wadda nake kira Yaya, ba zan ci haƙƙinta ba, ta yi wahala. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke kwana a zaune. Sai dai ta baro gidanta da yara, ranta na can, ga warin akurki da ta tsana tun tana yarinya, lokacin da ita ake sa wa shara. Ƙaninta kuwa ƙato ne mai gemu, har yau Auta ake ce masa. Shi aikinsa waya. Yana yawo a tsakar gida waya a kunne, idonsa na auna filin da akurkin ya cinye. Na ji shi da kunnena yana gaya wa wani cewa ɗakunan haya za su fita sosai a wurin, uban na kwance bayan labule.

Na ja Yaya har bakin akurki na nuna mata.

"Kin ga wannan ta cikin kwando? Saura kaɗan ta ƙyanƙyashe. Ko me za a yi, kar a taɓa ta."

"Na ji," ta ce, tana matse tsumman goge jiki. Ta ji ɗin kuwa, yadda mai barci a ido yake ji.

Ranar da abin ya faru na je kai ɗinki can wata unguwa. Mai kayan ta tsare ni da gwaji da ƙorafin hannun riga, ban dawo ba sai da rana ta karya. Tun daga bakin layi na ji ƙaurin gashin kaza. Ban ko shiga gidana ba, na zarce gidan Baba.

Yaya na tsugune gaban murhu tana juya tukunya. Likita ne ya ce a riƙa ba shi romo ko ya samu ƙarfi, sai ta ce wa Auta ya kamo kaza ɗaya. Ba ta ce wacce ba, ta manta. Auta ya bi dogayen kajin nan ya zaga gidan, ya yi tuntuɓe da randa, ya ɓata wandonsa, ko gashin ɗaya bai taɓa ba. Sai ya leƙa akurki ya ga wata a zaune shiru, ba ta da niyyar gudu. Ya miƙa hannu ya ɗauko.

"Sarana kawai ta yi," ya ce, yana nuna mini bayan hannunsa kamar in ba shi haƙuri. "Mai sauƙin kai ce."

"Ni dai ban taɓa ganin kaza haka ba," in ji Yaya. "Ba nama sai ƙashi, ƙirjin ma a ƙwaƙule, ba gashi."

"Ita ta cire gashin," na ce. "Don ƙwan su ji ɗumin jikinta."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Na ga lokacin da maganata ta ranar nan ta dawo mata. Ta dubi akurki, ta dubi tukunya, ta dafe baki.

Auta ya ce, "To kaza ce fa. Gobe sai in sayo masa biyu."

Abin da ya zo mini baki ba na faɗa wa ɗan mutane ba ne. Na shiga akurki. Ƙwan na nan jere a kan ciyawa, da alamar gawayin da Baba ya yi wa kowanne. Na taɓa, sun yi sanyi a sama, amma da na kara ɗaya a kumatuna akwai sauran ɗumi.

Na kwashe su a cikin gyale na bi layi ina neman kaza mai kwanci. Cuta ba ta bar wa kowa ba, sai matar mai wanki da ke ƙarshen layi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya da jikinta.

"Daga gidan da cuta ta gama da kaji? Ki yi haƙuri, ni ma ita kaɗai gare ni."

Wannan matar, asalin kazar tata ma Baba ne ya ba ta 'yar tsako kyauta, wata doguwa da ya ce ba ta cikin dangin durgunsa. Na tuna mata. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta rufe ƙofa.

Da na dawo an kai wa Baba romon. Yaya ta so ta zubar, Auta ya ce ai an riga an yanka, kuma tsoho mara lafiya ina zai gane. Ta tace ruwan zalla, amma ƙashin ƙafa ɗaya ya biyo cikin kwano. Na tarar Baba ya tsamo shi da hannunsa mai lafiya yana juyawa. Ɗan gajere ne, bai kai tsawon yatsa ba.

Yaya ta durƙusa a gaban gado.

"Baba, laifina ne. An gaya mini, na manta."

Ya daɗe yana kallonta, idanunta sun kumbura saboda rashin barci, hannunta duk ƙunar murhu. Ya ajiye ƙashin a gefen matashi.

"Ba ni in sha," ya ce. "Kin sha wahala."

Ya shanye tas, cokali bayan cokali, yana haɗiya da ƙyar. Ni dai ban taɓa ganin abin da ya ƙona mini rai irin wannan shan romon ba. Da ya gama ya ce ya yi daɗi, gishiri daidai. Sai ya juyo gare ni.

"Ina ƙwan?"

Na buɗe gyalen. Ya sa na kara masa ɗaya a kunne, ya rufe ido yana saurare, ya ce in canja wani. A wani daga ciki sai fuskarsa ta motsa.

"Wannan yana ƙwanƙwasawa. Zuba su nan."

Ya nuna gefensa da ya shanye, tsakanin hannu da haƙarƙari.

"Baba, za ka danne su."

"Wannan ɓarin? Ina ya ga motsin? Ga zazzaɓi yana ta ƙona ni a banza, bari ya yi amfani."

Na kawo ƙyallayen ɗinki masu laushi na yi musu gurbi a jikinsa, na ja bargo na rufe. Auta ya leƙo ya gani, ya yi tsaki ya ce tsufa ya fara taɓa kan Baba. Yaya ta ce masa ya fita, da wata murya da ban san tana da ita ba.

Haka ya kwanta musu. Ya hana a juya shi, ya hana a buɗe taga, wanka ma sai dai a goge masa fuska da ɗaya hannun. Abinci ya koma kurɓa ɗaya ya kau da kai. In na shigo da safe ba gaisuwa, sai ya ce in sa hannu in juya su, in duba ko akwai wanda ya tsage. Wasu sun yi nauyin ruwa, na san sun lalace, ban gaya masa ba. Ina jin ya sani, don ya daina tambayar adadinsu, guda ɗaya kawai yake tambaya.

"Yau na ji kukansa," ya ce mini a safiyar ƙarshe, muryar ta dushe. "Daga ciki. Ki jiƙa tsaki ki ajiye, mai laushi. Kar ki ba shi ruwa a kwano mai zurfi."

Na je na jiƙa tsakin. Na koma kan keken ɗinkina. Yaya ta ga ya samu barci mai nauyi, abin da ya daɗe bai samu ba, sai ta ja masa ƙofa, ita ma ta kishingiɗa a tabarma a tsakar gida, barcin kwanaki ya kwashe ta. Auta ya fita da wani mai awon fili da ya kirawo. Babu wanda ya leƙa shi har rana ta yi sanyi.

Salatin Yaya ne ya tsayar mini da keke. Da na shiga jikinsa ya riga ya huce. Fuskarsa na kallon taga, bakinsa a ɗan buɗe, hannun nan da ya shanye yana inda muka ajiye shi.

Maza suka taru a waje, aka ce mata su ba da wuri. Na yaye bargon don in kwashe ƙwan kafin a shigo. Na ɗauke su ɗaya ɗaya ina zubawa a gyale, duk sun yi sanyi kamar duwatsu. Na can ciki, wanda ya fi kusa da haƙarƙarinsa, ya huje a gefe. Ɗan baki rawaya ya leƙo ta hujin, ɓawon ya tsage kusan rabin zagaye. Na taɓa bakin da farce, bai motsa ba.

Yaya ta karɓe shi daga hannuna. Ta zauna a ƙasa a ƙarshen gadon, ta haɗa tafukanta biyu a kansa, ta kai bakinta tana hura masa ɗumin numfashinta a hankali. Auta na buga ƙofa yana cewa mutane na jira. Ba ta ɗago ba, ta ja numfashi ta sake hurawa.