Jan Layin da Orval Ya Shafe

"To nuna mini layin mana! Tashi mu je yanzu, ka nuna mini shi da yatsanka!"

Orval Tuttle ke nan, yana dukan teburin kicin da tafin hannu, hannun kuwa duk fenti ne ruwan toka har gwiwa. Surukinsa Rigo, mai kula da ƙofar dam ɗinmu, yana tsaye jikin firji, hula a hannu kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa. Ni aron sukari na shigo wurin Wilma, matar gidan. Ko ƙwanƙwasawa ban yi ba, don tun lokacin da fari ya tsotse katakon ƙofarsu ta daina kamawa. Sukarin na samu tuni, amma wa zai tafi ya bar wannan?

"Baba, kowa ya gan ka," in ji Rigo. "Ranar Lahadi da hantsi, mutane na coci, kai kana cikin kwale-kwalen Darla da burushi ɗaure a kan sanda, kana shafe layin. Masu yawon shan iska har hoto suka yi maka."

"Kuma ko kuɗin haya bai ba ni ba," in ji Darla, 'yar Orval kuma matar Rigo, daga bakin taga.

"Ke yi mini shiru. Da kuɗin tuffata aka saya miki na farko."

Bari in gaya muku asalin layin nan, don ina nan aka yi komai. Lokacin da aka ce za a datse koginmu, gwamnati ta ce za ta ba da rance, amma ba duka ba. Manoma suka zazzage aljihu, ko kusa bai kai ba. Sai mutanen birnin Marlow suka zo da takalmansu masu ƙyalli suka ce za su cika sauran, da sharaɗi ɗaya. Ruwan da ke sama a dam ɗin na manoma ne, su yi ban ruwa yadda suke so. Na ƙasa kuwa na birni ne: na sha, na wutar lantarki, da na masu kwale-kwale da ke zuwa hutu. Aka ce a ja layi a jikin hasumiyar da ke tsakiyar ruwa, don kowa ya san iyakarsa.

Wa ya bi gida-gida yana lallashin mutane su yarda? Orval. Lokacin da sauran gashi a kansa, da murya kamar ta mai wa'azi. Har a falona ya zauna, ya cinye mini rabin burodi, yana ce wa marigayi mijina, "Haba, mu sayar musu da gindin tukunya mana! Duk duwatsun jiharmu ta Idaho na zubo mana ƙanƙara, yaushe ruwa zai sauka har can?" Ranar buɗe dam, shi aka ba jan fenti ya ja layin da hannunsa. Tun daga nan, duk shekara in ƙanƙara ta narke, sai a yi biki a bakin ruwa, a gasa nama, 'yan makaranta su busa ƙaho, Orval ya shiga kwale-kwale da farar riga ya sabunta layinsa, ana tafi.

To bara ƙanƙara ta yi rowa, bana ta ƙara. Tun kafin tsakiyar zafi ruwa ya sauka ya taɓa layin, ƙofa ta rufe. Itatuwan tuffar da uban Orval ya dasa suka fara zubar da 'ya'ya ƙanana kamar goro, ganye na naɗewa. In ka ɗaga kai daga cikin gonar kuwa, ga ruwa can sama shuɗi shar, yaran birni na tsalle a ciki.

"Ba layi, ba iyaka," in ji Orval, yana kallon surukinsa. "Ka je ka buɗe. In sun tambaye ka, ka ce ka duba ba ka ga komai ba. Ƙarya ka yi? Yini ɗaya nake nema, ɗan nan. Yini ɗaya su sha, su kai ƙarshen zafin nan. In sun mutu, ko yau na dasa sababbi ba ni zan ci 'ya'yansu ba."

"Baba, in ruwan ya ƙara sauka, gadar katakona a kan taɓo za ta zauna," in ji Darla, muryarta a ƙasa. "Wa zai hau kwale-kwale a kan taɓo?"

"Oho! Ashe ke ma tasu ce. 'Yan birni masu jan hanci da gajeren wando."

Wilma ta aje butar kofi da ƙarfi. "Kai tsohon nan, ka ji tsoron Allah. Kuɗin dam na bara, da ake karɓa a kan kowace eka ko ruwa ya zo ko bai zo ba, wa ya biya maka? Masu gajeren wandon nan ne, ta hannun 'yarka."

Wannan ko ni ban sani ba. Na gyara zama.

Orval ya juya kan Rigo, don shi ne mai sauƙi. "Kai nake jira. Ga makulli nan na rataye a ƙugunka kamar na mai gadin kurkuku. Ko ado ne?"

Rigo ya dubi matarsa. Matarsa ta dubi uwarta. Uwar ta dubi butar kofi.

Sai Rigo ya kwance makullan ya shimfiɗa su a kan tebur, yana ture su ɗaya-ɗaya da yatsa. "Wannan na ƙofar shinge ne. Wannan na ɗakin da muke aje tsintsiya da man inji. Wannan na banɗakin baƙi."

"Na ƙofar ruwa fa?"

"Babu, Baba. Akwai wata na'ura a ƙarƙashin hasumiya, ita ke auna ruwa ta aika ofis a Marlow. Daga can ake rufewa, daga can ake buɗewa. Ni mai nake zuba wa ƙarfen, in kwashe ciyawa. Da ina iyawa, wallahi da ban jira ka roƙe ni ba. Na je ofishin ma. Matar da ke wurin har ruwa ta ba ni na sha, ta ce ita ma ba ta da iko, yarjejeniya ce. Na ce wa ke da iko? Ta ce waɗanda suka sa hannu."

"Rabinsu suna maƙabarta," in ji Wilma.

Orval ya zauna. Ban taɓa ganin ya zauna a tsakiyar faɗa ba.

"Layin fa?"

"Ba mai duba shi, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in auri Darla."

Yaransu kuwa babban har ya fara aske gemu.

"Kuka bar ni," in ji Orval a hankali, "duk shekara, da farar riga, ana busa mini ƙaho."

"Kana jin daɗinsa ne, tsoho," in ji Wilma, ta ɗora hannu a kafaɗarsa. "Kai kaɗai ne ba ka sani ba a kwarin nan. Ba wanda ya iya gaya maka."

Ya ɗago ya dube ni. "Har da ke, Opal? Ke da ko kaza ta yi tari sai kin kai labari gidan fasto?"

Na duƙar da kai ina gyara murfin sukari.

Da Rigo ya yi shiru a nan, da an rabu lafiya. Amma yaron nan Allah ya yi shi da gaskiya irin mai ban haushi. Ya murza hularsa ya ce, "Akwai saƙo kuma, Baba. Mutanen ofis sun ce ba za su kai maganar shafe layin gaba ba. Sai dai a mayar da layin kafin hutun ƙarshen zafi, don baƙi na son yin hoto da shi. Suka ce tunda gwangwanin jan fentin na wurinka, kuma kai ka fi kowa iya ja ya miƙe..."

"Rigo!" in ji Darla.

Orval ya miƙe. Bai zagi kowa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya buɗe ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya tsallake gwangwanin jan fenti, ya jawo bokitin da Wilma ke goge ƙasa da shi. Ya tara a famfo. Muna tsaye muna jin ƙarar ruwan har ya cika.

"Ina za ka da wannan?" in ji Wilma. "Itace nawa zai shayar?"

"Ɗaya."

Ya ɗauka da hannu biyu, ruwa na fallatsa masa a wando, ya fita, ya sa ƙafa ya banko ƙofar da iya ƙarfinsa. Kofuna suka yi kuka a kan kanta. Ƙofar ta daki katako, ta ƙi kamawa, ta dawo a hankali ta buɗe.