Kalmar da Oba-oba Ta Haɗiye

Matakai ɗari da tamanin da shida ne daga ƙasa zuwa ɗakin da nake zama a kan ƙugiya, injin da ke ɗaga kaya a ginin da muke yi. Ɗakin bai kai banɗakin gidanmu girma ba. Gilashi a gaba, gilashi a gefe, gilashi a ƙarƙashin ƙafata. In na hau da safe sai yamma, da gorar ruwan sha ɗaya, da wata gorar da ba sai na faɗi amfaninta ba. Waya kuwa a ofis ake barinta, doka ce. Ni da ban taɓa iya zaman minti arba'in a aji ba, ga ni a cikin kwalba awa tara. Daga nan ina hango titin da ya fita gari har inda ya ɓace, kuma kowace mota ta bi shi sai na raka ta da ido.

Kawu, yayan mahaifiyata, shi ya samo mini aikin, kuma shi ne idona a ƙasa. Shi ke ɗaura kaya a bakin ƙugiya, shi ke gaya mini in ɗaga, in juya, in sauke. Tun da ginin ya kai hawa goma ya tare mini bayansa gaba ɗaya. Akwai wani siririn lungu a can, tsakanin bango da katanga, inda ake ajiye rodi. In na kai kaya wurin ba na ganin komai sai igiyar ƙarfe ta nutse a bayan gini. Muryar Kawu a oba-oba, rediyon hannu da muke magana da ita, ita ce kawai abin da nake da shi.

Tsofaffin oba-oban da muka tarar manya ne, baƙaƙe, masu nauyi kamar rabin bulo. Kafin azahar batirinsu ya mutu. Ni na dami Foman, shugaban ma'aikata, da maganar a canza su, har ya gaji ya ce tunda ni ne masanin duniya in je in zaɓo.

Na yi rabin yini a shagon mai rediyo. Ya jera mini kala uku a kan kanta. Ta farko mai doguwar eriya, tana kai magana nesa amma tana maƙalewa a riga. Ta biyu ba ta tsoron ruwa, sai dai muryarta kamar mutum yana magana a cikin bokiti. Ta uku ƙarama ce, ta cika tafin hannu daidai, da allo mai haske. Na sa shi ya tsaya a shago na tafi da kowace har ƙarshen layi muna gwadawa. Ta ukun na ɗauka. Ya haɗa su da kwamfuta ya tambaye ni yadda nake so a saita. Ya ce akwai wani saiti da ke sa rediyo ta riƙa gyangyaɗi in ba a magana, sai ta ji murya ta farka, batir ya kai har yamma. Na ce ya sa shi, ya ƙure shi. Ya ce akwai kuma wanda ke katse mutum in ya danne maɓalli ya wuce minti ɗaya. Na tuna Foman, wanda in ya fara faɗa sai ya kai kan kakan mutum, kuma in aka katse shi ni zai huce a kaina. Na ce a cire wannan.

Kawu ya juya tasa a hannu ya ce wannan ai ta wasan yara ce, in ta faɗi a kwaɓin siminti sai a shafe ta a bango ba a sani ba. Na ce masa zamani ne ya wuce shi. Ya ce zamanin ya gaishe da gida. Ya maƙala ta a aljihun gaba, ya ci gaba da halinsa na fara magana tun yatsansa bai gama danna maɓalli ba.

Kwana tara muka yi da su lafiya. A rana ta goma, da rana tsaka, duk ma'aikata suna gaban gini ana zuba kankare, injin tura kankaren yana ta ruri. Ni da Kawu kaɗai muke kwashe rodi zuwa lungu. Na ɗauko dami na huɗu, agogon nauyi da ke gabana ya nuna tan biyu. Na juya da shi bayan gini, Kawu yana ta ba ni hanya: dama kaɗan, tsaya, sauke, sauke, tsaya. Na tsaya. Bisa lissafina saura kamu biyu ko uku kayan su taɓa ƙasa.

Shiru ya ɗan yi tsawo. Sai rediyo ta yi ƙyas, na ji, "Ka sauke."

Na tura libar da ke sauke kaya.

Ban kai ƙirga uku ba hannuna ya dawo da ita da kansa. Shekara biyu ina aiki da Kawu bai taɓa ce mini "ka sauke" ba. "Sauke" yake cewa, a bushe, kamar mai kora jaki. In har akwai "ka" a bakinsa, to akwai abin da ya zo kafinta. Kuma kalma ɗaya ce na sani da ke zuwa a wannan wurin. Kar.

Na dubi agogon nauyi. Tan ɗaya da rabi. Rabin tan ya sauka a kan wani abu.

Na danna maɓalli na kira shi. Rediyon ta yi ƙara ta ƙi ni, alamar wani yana kan layi. Na kara ta a kunne. Layin a buɗe yake. Ina jin iska, ina jin ƙarfe yana gogar ƙarfe, can nesa kuma wani abu kamar numfashi, ko kuma ni ne nake son ya zama numfashi. Na gane rediyon Kawu ta maƙale a wani wuri da maɓallinta a danne. Da na bar saitin katsewar nan, bayan minti ɗaya da ta saki layin. Yanzu kuwa sai batirinta ya ƙare, batirin da na yi alfahari zai kai yamma. Ba mai iya kirana, ba wanda zan iya kira.

Hannuna ya koma kan liba don in ɗaga, na janye shi. In bakin rodi ya saƙale rigarsa, ko hannunsa yana cikin igiyar ɗauri, ɗagawa za ta tafi da shi. In na bari kuma, ban san me rabin tan ɗin nan yake dannewa ba. Sauka ma ba hali. Ba a barin liba da kaya a rataye, kuma ko na bari, kafin in gama matakan nan in zagaya gini an yi minti goma sha biyar.

Na danna hon. Na sake dannawa na riƙe. A ƙasa hulunan kwano masu launin ruwan ƙwai suna ta kai-komo a kan kankare, ba wanda ya ɗaga kai. Sun saba da ni. Sau nawa nake danna musu hon don kawai zama ya ishe ni. Mutum ɗaya ya ɗago hannu ya yi mini alamar uwaka ba tare da ya juyo ba. Na tura 'yar tagar gefe na yi ihu, iska ta kwashe muryar ta yi gabas da ita.

Zufa ta cika mini ido. Ɗakin ya ƙara matsewa. Na duba agogon nauyi, allurar tana rawa kaɗan duk lokacin da iska ta taɓa igiya. Kowace rawa, a kan wani abu take yi.

A nan gwiwata ta bugi akwatin da ke gefen kujera. Rediyo ce irin ta jikin mota, da ita injin ya zo, an ɗaure ta da kusoshi, eriyarta tana kan rufin ɗakin. Ba ta jin yaren sababbin oba-obanmu, shi ya sa na mai da ita wurin ɗora gora. Amma motocin kankare irinta suke amfani da ita, na sha ganin direbobi da abin maganar a baki. Na ture gorar na murɗa. Ta kawo wuta, lemo-lemo, ta cika ɗakin da shuu.

Tasha ta ɗaya, shuu. Ta biyu, shuu. Ta uku wata mata tana tura motar haya wata unguwa. Na yi mata magana, ta ce in sauka daga layinsu. Ta huɗu, ta biyar, ba kowa. Akwai wani ƙaramin abin murɗawa da ke toshe ƙarar banza, na tuna mai shago ya ce in aka matse shi da yawa har muryar nesa yake toshewa. Na sassauta shi gaba ɗaya na sake bi daga farko. A tasha ta bakwai na ji dariya. Maza biyu suna gardamar ƙwallo, ɗaya yana rantsuwa cewa alƙalin wasa ɗan uwan mai tsaron gida ne. Na san muryar. Ba-Birki ne, direban da motarsa ke jiran layi a bakin ƙofa, ga ta can ina ganin tulunta yana juyawa.

Na jira ya saki maɓalli. Jira bai taɓa yi mini tsawo irin na ranar ba. Yana saki na faɗa.

"Ba-Birki, ni ne na kan ƙugiya."

Ya ce ikon Allah, yau tsuntsu ya yi magana, ko ƙwai na saka ake nema a taya ni murna. Na ce masa Kawu yana lungun baya, ina jin kaya sun danne shi, ba na gani, ba na jin sa. Dariyar ta ɗauke. Ya ce in riƙe yadda nake. Na ce ya kai motar bakin lungun, don rediyonsa ba ta ciruwa, kuma ina bukatar ido da baki a wuri ɗaya.

Na ga motar ta fita daga layi da baya, mai gadi yana ɗaga mata hannu, Foman ya taho a guje yana masifa. Ta bi gefen gini a hankali, a hankali, har ta shige inda ba na gani. Daga nan ba ni da komai kuma sai shuu ɗin babbar rediyo a dama, da iskar ƙaramar a hagu. Na ƙirga har sittin. Na sake farawa. A zagaye na uku na rasa inda nake.

"Na sama, kana ji na?"

Na ce ina ji.

Ba-Birki ya ce Kawu yana da rai. Katakon da ake ɗora rodi a kai ne ya goce, Kawu ya sunkuya zai gyara, kayan suka sauko. Katakon ya ɗauke yawancin nauyin, amma ƙafarsa ta hagu tana tsakanin dami da bango. Rediyonsa ta faɗa cikin rodin. Ya ce Foman yana wurin da mutum biyu, sun duba, ba abin da ya saƙale, Kawu da kansa yana nuna a ɗaga.

Na ce masa kafin ya ba ni kowane umarni ya danna, ya kira ni sau biyu, sannan ya yi magana. Ya ce wannan wane sabon iyayi ne a irin wannan lokaci. Na ce ya yi kawai.

"Na sama, na sama. Ɗaga. Kamar kana ɗaga jariri."

Na taɓa libar da yatsa biyu. Allura ta fara hawa. Ɗaya da rabi, ɗaya da ɗigo bakwai, ɗaya da ɗigo tara. Ta kai biyu ta tsaya. Duk nauyin ya dawo hannuna.

"Na sama, na sama. Tsaya nan. Suna jawo shi."

Iskar da ke cikin ƙaramar rediyo ta ɗauke, wani ya zaro ta ke nan. Nan take muryar Foman ta fashe a ciki yana tambayar uban wa ya ce in sauke. Na kife ta a kan cinyata.

Ba-Birki ya ce sun fito da shi. Ƙafar ta kumbura, takalmin ya ƙi fita sai da aka yanka, amma yana motsa yatsu, kuma ya isa zagin mutane, don haka da sauran kwana. Za a kai shi asibiti a motar Foman. Ya ce in dakata, tsohon ya ce sai an kawo shi jikin taga, yana da magana da ni.

Na ji ana jan igiyar abin magana, na ji nishi. Kawu ya danna ya jira, jiran da ya isa a sha ruwa.

"Auta. Auta."

"Na'am, Kawu."

"Kar. Ka ji ta? Kar. Kar ka gaya wa uwarka. Ni zan gaya mata, in ce daga tsani na faɗo."

Na buɗe baki in ce masa ni ne na sa aka saita rediyon haka, ni na ce a sa ta barci. Na danna, na kira shi sau biyu. Ba-Birki ne ya amsa, ya ce sun riga sun ɗauke shi.

Motar Foman ta fito daga bayan gini, ta tsaya a ƙofa, ta hau titi. Na bi ta da ido har wata babbar mota ta rufe ta. Ba-Birki ya tambaye ni yanzu yaya za a yi da rodin da ke lilo a kan lungu, don shi kankarensa yana daskarewa, kuma bai iya aikin Kawu ba. Na ce ya nemo mini wanda ya iya. Ya ce zai duba. Na gyara zama, na goge tafin hannuna a wando, na mai da shi kan liba.