Gasasshen Nama a Gaban Marar Haƙori

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗaukar tire. Gidan abinci shida na yi wa aiki, huɗu sun rufe a kan idona, ni ina nan daram. Ban taɓa zama a aji ba, amma zaunar mini da mutum goma sha biyu kowa ya faɗi abin da zai ci, in na ba wani farantin wani, ka canza mini suna. Abin da na fi taƙama da shi kuwa, a duk shekarun nan ba a taɓa ci a teburina a gudu ba.

Abokan aiki suna cewa asiri gare ni. Asirina ido ne. Mai niyyar gudu ba ya tambayar farashi, yana zaɓar kujerar da ke kallon ƙofa, kuma fara'arsa ta fi ƙarfin sanayyarku. In na hango irinsu sai in dafa gwiwa in ce wa na kusa da ni, "Karɓar mini wancan teburin, ƙafar nan ta motsa." Kada wanda ya yi mini wa'azi. Na ga an kori mazaje a kan faranti uku, ni kuwa da iyali a wuyana.

Manajan da muke da shi yanzu ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Dokarsa ita ce, teburin da aka gudu a albashin mai teburin za a cire, in ya kai sau uku ka ajiye rigar aiki. A ganinsa ba a gudu sai da haɗin bakin na ciki.

A cikinmu akwai wadda muke kira Uwar Biyu, saboda tagwayenta. Mijinta direba ne, ya yi haɗari, wata takwas yana kwance, ita ke ci da gidan. Sau biyu aka gudu a teburinta cikin wata guda. Tun daga nan Manaja yake buɗe jakarta kullum kafin ta tafi, Kuku kuma yana raɗa wa masu wanke-wanke cewa ƙila danginta take gayyatowa. Saura mata ɗaya.

Ranar Asabar da tsakar rana, gida ya fara cika, sai ga mutum uku. Namiji da kwat mai ƙyalli, mace da ƙatuwar jaka, a tsakiyarsu wata tsohuwa suna riƙe da ita kamar ƙwai.

"Sannu Mama, a hankali Mama," in ji mai kwat, da ƙarfin da har na kicin sai sun ji.

Ya wuce tebur uku babu kowa, ya zaɓi na bakwai, wanda ke kusa da ƙofa. Nawa ne. Bakina ya riga hankalina, na dafa gwiwa na ce, "Karɓar mini na bakwai." Sai da na juya na ga wadda na faɗa wa.

"To Baba, je ka huta," in ji Uwar Biyu, ta zaro biro ta nufe su.

Ban huta ba. Na ɗauki butar ruwa na yi ta kewaya su, ina cika kofin da bai ko kai rabi ba. Mai kwat bai kalli farashi ba: kifi mafi girma, kaza, shinkafa, lemo kala biyu, ya ce a ƙunshe masa wani kifin na gida, matar ta fita da shi ta kai mota tun abinci bai huce ba. Tsohuwa kuma ya ce a kawo mata gasasshen nama, wai shi ta fi so.

Da aka ajiye mata farantin na tsaya ina kallo. Ta ɗauki yanka ɗaya ta sa a baki, ta juya shi dama, ta juya shi hagu, ta faki ido ta mayar cikin tafin hannu. Babu haƙori ko ɗaya a bakinta. Ni da saura shida a nawa na san wannan juyin. Wane ɗa ne bai san uwarsa ba ta tauna ba?

Na tare Uwar Biyu a bakin kicin.

"'Yar nan, kada ki ɗauke ido daga na bakwai. Wannan ba uwarsa ba ce."

"Haba Baba! Kai kowa ɓarawo ne a wurinka. Ka ji yadda yake lallaɓa ta?"

"Na ji. Lallaɓar ce ta yi yawa."

"To in je in ce masa me? Ya nuna mini takardar haihuwa?"

Ta yi dariya, ta wuce da tirenta.

Ba a jima ba matar ta miƙe, wai ta manta maganin Mama a mota. Ta rataye jakarta a jikin kujera yadda kowa zai gani. Bayan ɗan lokaci mai kwat ya manna waya a kunne, yana "Ban ji ka ba, bari in fito," ya miƙe. Ni da ciwon gwiwa, kafin ya yi taku uku na riga shi bakin ƙofa.

"Yallabai, a kawo takardar kuɗin ne?"

Ya sauke wayar, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai tsoho, na yi maka kama da ɓarawo? Ga uwata zaune, ga jakar matata! Ina manajan gidan nan?"

Cokula suka tsaya. Manaja ya taho da sauri yana gyara wuyan riga, ya harare ni, ya yi ta ba mutumin haƙuri, wai tsufa ne ya fara taɓa ni. Da hannunsa ya buɗe masa ƙofa, har da ɗan rusunawa.

Minti ashirin muna kallon ƙofar nan. Tsohuwa tana ta tsotsar lemo. Daga ƙarshe Manaja ya matsa kusa da ita.

"Mama, ɗanki ya daɗe fa."

"Wane ɗa?" in ji ta. "Ni 'ya'yana mata ne. A tashar mota suka same ni ina jiran jikata, suka ce na yi kama da uwarsu da ta rasu, in zo su ciyar da ni su sami lada."

Manaja ya zuge jakar. Tsofaffin jaridu ne a dunƙule, da takalmi ƙafa ɗaya. Ya juya yana neman Uwar Biyu da ido. Tana tsaye jikin bango, har ta fara kwance ɗamarar aikinta da kanta.

"Na uku ke nan," in ji shi. "Na faɗa, da ɗan gari akan ci gari."

Abin da na yi daga nan babu wanda ya sa ni, kuma ina so a rubuta shi daidai.

"Ranka ya daɗe, na bakwai teburina ne. Duba allonka na rabon tebur."

"Na ga ita ta kai abinci."

"Taya ni ta yi. In ɗan dako ya ɗauko maka kaya, kayan sun zama nasa?"

Ya zaro takardar oda ya kaɗa mini a fuska. "Rubutun wa ne wannan?"

"Nata. Ni da ban san ko bihim ba, tun zuwanka wa ka ga yana rubuta mini tawa in ba na kusa da ni ba?"

Ya ƙanƙance ido, ya dube ni, ya dube ta, yana neman inda muka ƙulla. Sai ya koma kan tsohuwa.

"Ke, faɗi gaskiya. Wa ya kula da teburin nan?"

Ta ɗaga kai ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Ban yi mata ko ƙifta ido ba.

"Wannan mai furfurar," ta ce. "Tunda muka zauna yake shawagi a kanmu kamar shaho. Ruwa dai na sha shi har na gode Allah."

Kuku ya fashe da dariya daga kicin. Manaja ya ce to a albashina, kuma tsohuwa ba ta tafiya sai 'yan sanda sun zo. Na ce madalla, in sun zo su tambaye ni wa ya tare ƙofa, wa kuma ya buɗe ta. Ya ce tsohuwa ta tafi. Ni na raka ta har titi na nuna mata hanyar tasha.

Kusan rabin albashina ya tafi a wancan watan, kuma yanzu aljihuna Manaja yake lalubawa in an tashi. To ya laluba mana. Na ga manajoji goma sha ɗaya, shi ne na sha biyu. Uwar Biyu dai tana nan da rigarta.

Da yamma muna ninke adikon tebur a bayan kicin, mu biyu, ta yi mini godiya har da hawaye. Na ce ta bari, ƙaramin abu ne a wurin irinmu. Ta ci gaba da ninki, can sai hannunta ya tsaya.

"Baba, waɗancan biyun na farko. Su ma ranar ƙafarka ce ta motsa."

"Ƙafar tsoho ai kullum cikin motsi take."

"Ka gane su tun daga ƙofa, ko?"

Na ce mata adikon da ke hannunta a karkace yake, ta sake ninki. Ta sake ninke shi. Tun daga ranar, in na dafa gwiwa, ba ƙafata take kallo ba, ƙofa take kallo.