Sunan da Gogo Ba Ta Faɗi

Wata bakwai ke nan Gogo ba ta gane kowa ba. Takan wuni a kan tabarma ƙarƙashin dogon yaro a gidansu na Tibiri, tana kallon jikokinta kamar baƙi. Likita a Maraɗi ya ce tsufa ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya rubuta ƙwayoyi, aka sha, shiru.

Saliha, 'yarta ta fari, ta zo daga Cadawa inda take koyarwa a lakol, wato makarantar boko, hutunta kuma saura kwana biyu. Abu ɗaya take so kafin ta hau mota: uwarta ta dube ta, ta san ita ce. Jin sunanta kam ba ta ma sa rai ba. Gogo mutuniyar da ce, kunyar 'yar fari ba ta taɓa barinta ta faɗi sunan ba. Shekara arba'in "ke wannan" take ce mata, abin kuwa yana ci wa Saliha rai, ko da yake ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Da ƙuruciya Gogo 'yar bori ce, kafin ta tuba ta je Makka. Zance ne da ba a yin sa a gidan, amma har kajin gidan sun sani. Saliha ta jira maza suka tafi kasuwa, ta aika aka kira Ɗan Azumi, tsohon mai gogen Gogo, wanda yanzu albasa yake sayarwa. Ya shigo da hantsi, gogen a ɓoye cikin buhu kamar kazar sata.

Ya zuba turare a kasko, ya ja izga a hankali, ya ɗauko taken da a da yake kayar da Gogo tun bai kai rabi ba. Gogo ta yi hamma.

"Goge shi kaɗai bai ɗaukar mutum, ɗiyata," in ji Ɗan Azumi. "Sai da ƙwarya. Kihe ta ki buga. Kada ki sake kiɗi, kada ki yi sauri. Abu guda a kan abu guda, har hankali shi gaji da gadi."

"Baba, ni ban iya kiɗinku ba."

"Buga wanda hannunki ya sani."

Malama guda ta durƙusa ta kife ƙwarya. Hannunta bai san komai ba sai lugude, irin na dakan gero. Shi ta buga. Ɗan Azumi ya saki takensa ya bi ta, goge yana kuka siriri a bayan ƙwarya.

Da farko tana jin kunya. Can sai ta daina jin hannunta. Hayaƙin turare ya tsaya cak a iska, katangar gida ta yi ta ja da baya har ta ɓace. Ta ji ta a goye, kuncinta manne da wani baya mai ɗumi, mai ƙamshin hayaƙi da man shanu. Duniya tana hawa tana sauka tare da taɓarya, dusa tana zubo mata a kai, wata murya tana rera wani abu ta cikin ƙashin bayan. Daɗi ya cika ta, ba ta son dawowa ko kaɗan.

A tsakar gida kuwa Saliha ta sulale ta faɗi, idanu a juye. Ɗan Azumi ya yar da goge, ya yi kanta. Wata ya zo tayarwa, wata ta tafi.

"Malama! Malama!"

Ko motsi ba ta yi ba.

Sai ga Gogo ta rarrafo daga tabarma, ta ture shi da gwiwar hannu. Ta lulluɓe Saliha da mayafinta, ta dafa mata tsakar kai, ta hura mata iska a kunne, yadda a da ake yi wa wadda ta faɗi a fage.

"Kauce, Ɗan Azumi," in ji ta, murya a dashe. "Ta yi nisa. Sai da sunanta na yanka za ta ji." Ta sunkuya. "Saliha. Saliha, ɗiyata, taho gida."

Saliha ta yi atishawa. Ta ji kanta a kan cinyar uwarta, ta kuma ji kiran sarai. Amma sai ta runtse ido, ta yi lamo, don a sake kira.