Wayar Sieni a Buhun Shinkafa

Kwana uku ke nan wayar Sieni tana binne cikin buhun shinkafa don ta bushe, tun ranar da ruwan teku ya fantsamo mata a kwalekwale. Ta tono ta, ta hure garin da ya maƙale, ta danne maɓallin kunnawa da na rage murya tare har yatsunta suka yi tsami. Wayar ta ɗan yi gurnani a tafinta, amma fuskar wayar baƙa ƙirin.

"Ko dafa ta za mu yi da madarar kwakwa?" in ji mijinta Aleki daga kan tabarma.

"Ka ji da bakinka, tsoho. Da ka iya tuƙi da ba mu kai ga haka ba."

Mai gyara yana can birnin Apia, sai an hau jirgin ruwa, ga gwiwarta ta ƙi. Ta zauna daɓas ta sauke numfashi.

Sai wayar ta hau ruri. Ta san Losa ce, 'yarsu da ta haihu a birnin Brisbane, wadda ta ce yau Lahadi bayan coci za ta nuna musu jaririn ta kiran bidiyo. Sieni ta ja babban yatsanta a inda ya saba. A karo na huɗu kiran ya ɗauku.

"Mama! Kin gan shi? Dubi hancin, na Baba ne sak!"

Sieni ta ƙura ido. Ba kowa a gilashin sai wata tsohuwa mai furfura tana kallonta.

"Na gan shi," ta ce. "Riƙe shi haka, kar ki motsa tukuna."