Fiffiken Gwangwani

Muhtari mai gyaran babur a Shinkafi bai taɓa ganin teku ba, amma in ka yi kuskuren tambayarsa labarin jiragen yaƙin da ke tashi daga bayan jirgin ruwa, to ranar ka yi sallama da aikinka. A waya ya koye su. Zai gaya maka samfurin farko fiffikensa a sandare yake, kaɗan ne ke shiga jirgin ruwan. Sai aka ƙero na biyu mai naɗe fiffike kamar zabo, aka ƙara masa bindigogi, ya yi nauyi har matuƙa suka riƙa tsine masa don ba ya hawa sama da wuri.

Ƙauna ta sa ya ƙera na biyun da gwangwanin madara, har da fiffike mai naɗewa, ya ɗora bisa katako a kan rufin shagonsa. In rana ta fito ya buɗe fiffiken don fenti ya sha iska, in hadari ya taso ya naɗe kada guguwa ta ɗauke.

To, a ƙasar da kowa ke kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido, wannan ba ƙaramar wauta ba ce. Jatau, shugaban 'yan sa-kai na unguwar, ya lura da wani abu. Duk ranar da fiffike ke buɗe, jirgin soja na wucewa, 'yan bindiga kuma ba a jin ɗuriyarsu. Ranar da aka naɗe, sai a ji sun tare hanyar Galadi. Bai tsaya tuna cewa jirgin soja ma ba ya son hadari ba.

Da la'asar ya zo shagon da mutum huɗu.

"Muhtari, wa kaka yi ma alama da wanga abu?"

Muhtari ya san abin da ake yi wa wanda aka kira infoman 'yan bindiga. Tsoro ya sa ya hau bayani, nauyin jirgi, yawan harsashi, yadda ƙugiyarsa ke kama igiya ta tsayar da shi in ya sauka bisa jirgin ruwa.

Jatau ya dubi mutanensa. "Kun jiya? Mai gyaran babur, ina yas san lissahin harsashi?"

Muhtari ya hau rufi da kansa ya sauko da jirgin, ya sa guduma ya lallatse shi a gabansu. Ya ji kamar ɗansa yake bugu.

Sai aka yi rashin sa'a damina ta ɗan ɗauke, hanya ta yi lafiya. Aka ce ai ga shi nan, tun da aka fasa alamar an samu sauƙi. Ba wanda ya ƙara kawo masa babur, a masallaci ma sahu na buɗewa inda ya tsaya. Yayarsa Adda ta ce ya tattara ya koma Ƙaura Namoda tun yana da ƙafar tafiya.

Ranar da ya kama hanyar Ƙaura, suna tsaye a wani shingen bincike cikin motar haya sai ga rugugin jirgin soja. Kowa ya leƙa taga. Muhtari ya sunkuyar da kai, ya rantse a ransa ba zai ƙara kallon jirgi ba.

Wani fasinja a bayansa ya zunguri na kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Duba wanga, ko kai bai ɗaga ba. Ya san da zuwanai."